Ɗana Ne, Ina Ruwan Hukuma? Ikon Iyaye da Hurumin Gwamnati a Ƙasar Gwandu

A watan Agustan 2020 aka fito da wani yaro ɗan shekara goma daga wani gida a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi. Mahaifiyarsa ta rasu, kuma rahotannin lokacin sun ce ya kai shekara biyu ɗaure a turke tare da dabbobi, a gidan mahaifinsa, a gaban matan mahaifin. 'Yan sanda suka kama uban da matansa, aka wuce da yaron asibiti, hotonsa ya zaga wayoyin jama'a. A wancan makon da wuya ka sami mai cewa hukuma ta yi shisshigi. Abin da ke bakin kowa shi ne: ina maƙwabta suke, ina dangin uwa, ina mai unguwa, har aka shekara biyu?

Amma mu ɗin nan da muka yi wannan tambaya, idan masinjan kotu ya kawo wa ɗayanmu sammaci a kan riƙon 'ya'yansa, ko masu riga-kafi suka yi sallama a ƙofarsa, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, "Ɗana ne, ni na haife shi, ina ruwan hukuma?" Daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo da Gwandu, har ƙauyuka irin su Wurogauri, mutum ɗaya yana iya riƙe ra'ayoyin nan biyu bai ga sun ci karo ba. Yana son hukuma ta shiga gidan maƙwabcinsa azzalumi, ba ya son ta leƙa nasa. To a ina ikon mahaifi ya tsaya, a ina na hukuma ya soma?

Inda rigimar take tasowa

Mafi yawan rigingimun yara a wannan yanki daga mutuwar aure suke farawa. An yi saki, mace ta gama idda da goyo a bayanta, ana yaye yaro sai uba ya aiko a ba shi ɗansa. Ko ta sami miji, tsohon mijin ya ce ɗansa ba zai zama agola a gidan wani ƙato ba. Wani lokacin mutuwa ce take buɗe ƙofar, baffanni su ce marayu nasu ne, kaka ta wajen uwa ta ce a hannunta suka tashi. Akwai kuma riƙo, inda aka ba gwaggo ko kaka yaro tun yana ƙarami, musamman ɗan fari saboda kunya, ta raine shi har ya isa aike, sannan iyaye su ce za su karɓi abinsu.

Bayan waɗannan akwai rigimar da take tsakanin gida da gwamnati kai tsaye: sa yaro makarantar boko, tura shi almajirci wani gari, aurar da yarinya, allurar riga-kafi, da horon da ya wuce kima. A rukunin farko, iyaye ne suke kai kansu gaban hukuma don ta raba gardama. A na biyu, hukuma ce take zuwa ba a gayyace ta ba, shi ya sa ya fi zafi.

Al'ada daban, fiƙihu daban

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne, da yawa daga abin da magidanta suke karewa da sunan addini, al'ada ce. A al'adance ɗa na uba ne, da zarar an yaye shi ko ya ɗan yi wayo sai ya koma gidan ubansa. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Gwandu, irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, ba haka suka tsara ba. A wurinsu, reno bayan rabuwar aure haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Idan uwa ta rasu ko haƙƙinta ya faɗi, yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, ana bin layin mata har a zo kan kaka ta wajen uba, kafin a iso kan uban da kansa. Shi uba yana nan a matsayin waliyyi, ciyarwa da tufatarwa da karatu suna wuyansa, ko yaron yana hannun wa.

Gaskiya ne idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, kuma ta tare, haƙƙinta yana faɗuwa. Sai dai ba hannun uba yake faɗawa kai tsaye ba, mai bi mata a layi ce take karɓa. Malaman sun ma ce idan mai haƙƙin ya san da auren ya yi shiru har shekara guda, yaro ya ci gaba da zama wurin uwarsa. Sun kuma gindaya wa duk mai reno sharuɗɗa: hankali, amana, iya ɗawainiya, wurin zama mai tsaro, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa. Idan namiji ne zai karɓa, sai yana da macen da za ta kula da yaron. Duk wanda ya dubi waɗannan sharuɗɗa zai ga maslahar yaro aka sa a gaba, domin da a ce yaro mallakar mahaifinsa ne kamar gona, da babu dalilin tambayar ko mai karɓarsa amintacce ne.

Wane ne yake duba ko an cika sharuɗɗan? Alƙali, wato hukuma. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da mahaifiyar ɗansa Asim, wata rana ya ga yaron yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, aka je gaban Halifa Abubakar, ya yanke cewa a bar mata yaron, Umar bai ja ba. Mahaifi kamar Umar ke nan hukuma ta shiga tsakaninsa da ɗansa. A ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi mulki, wanda ya rubuta Diya'ul Hukkam don shiryar da masu mulki da alƙalai, kuma hubbarensa yake Gwandu, bai kamata shigar alƙali cikin maganar yaro ta zama baƙon abu ba. Kula da marayu da sa ido a kan masu riƙonsu yana cikin aikin alƙali tun kafin Turawa su iso a 1903.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɓangare abin kamawa. Sashe na 37 ya kare sirrin gida da rayuwar iyali. Sashe na 38 ya hana a koya wa yaro a makaranta addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sashe na 277 ya sa maganar aure da waliccin yara tsakanin Musulmi a hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Saboda haka ƙarar riƙo da ta taso daga wani ƙauye na Kalgo ko Gwandu takan fara daga kotun shari'a ta yankin, ta hau babbar kotun shari'a, ta je gaban Alƙalin Alƙalai da abokan aikinsa a Birnin Kebbi, idan ta ƙi ƙarewa ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya har Kotun Ƙoli.

Dokar Final Kod ta Arewa, a sashe na 55, ta yarda iyaye su hori ɗansu muddin ba su ji masa mummunan rauni ba, ta kuma mayar da azabtar da yaro laifi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yara firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka Naira 5,000 ko wata biyu.

Wadda ta fi tayar da ƙura ita ce Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 da Nijeriya ta amince da ita a 1991. Ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta aurar da shi, ta kafa kotun iyali, ta kuma ce maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk hukuncin da ya shafe shi. Da yake maganar yara ba ta cikin abubuwan da Majalisar Tarayya ke yi wa jihohi doka a kai, sai kowace jiha ta karɓa da kanta. Jihohin Arewa maso Yamma sun daɗe suna jan ƙafa, saboda shekarun aure da kuma batun mayar da ɗan wani naka har ya ɗauki sunanka ya gaje ka, abin da Musulunci ya hana. Katsina ta yi tata a 2020, Sakkwato a 2021, Kebbi a 2022 zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, Kano a 2023, da yawansu bayan an yi wa dokar kwaskwarima an zauna da malamai. Kusan shekara ashirin aka yi ana ja-in-ja a kan 'yan sassa kaɗan, sauran sassan da babu mai jayayya da su, kamar hana azabtarwa da safarar yara, suna jira.

Hujjar iyaye

Masu ƙyamar shigar hukuma ba duka ne masu taurin kai ba, suna da abin tunawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004.

Dubi yadda abin yake a ƙofar gida. Mata biyu ko uku sun iso da akwatin sanyi, za su ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango. Maigida ya fito ya ce a'a. Idan ka saurare shi, sau da yawa ba maganar haihuwa ko addini yake yi ba. Cewa yake, "Da zazzaɓi ya kwantar da yaron nan na kai shi asibiti, ko farasitamol sai da na saya. Rijiyarmu ta lalace ba wanda ya zo. Sai wannan ɗigon ne kuke bi na da shi har gida kyauta?" Mutumin nan yana amfani da ɗansa ne wajen karɓar bashin da yake bin gwamnati. Kuskure ne, domin yaron ne zai shanye idan cutar ta zo, amma bashin gaskiya ne.

Haka maganar makaranta. Gwamnatin da dokarta ta ce za a ɗaure uba idan bai kai ɗansa aji ba, ita ce ta kasa kare ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da 'yan bindiga suka kwashe ranar 17 ga Yunin 2021, wasu 'yan matan suka kusan shekara biyu a daji. Manomin da yake buƙatar hannu a fadamar shinkafa, ko makiyayin da ɗansa ke bin shanu, idan ya leƙa makarantar ƙauyensu ya tarar da rufi a yaye, malami bai zo ba, da wane baki za a ce masa ya yi laifi? Sannan a 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. An yi amfani da ƙarfin hukuma sosai, amma ba a tanadi abin da yaran za su tarar a gida ba, da kullen korona ya wuce da yawa suka koma inda suka fito.

Hujjar hukuma

Duk da haka, akwai inda shirun hukuma yake zama haɗin baki. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum kusan 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura. Yawancin waɗanda aka samu, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar a gyara musu tarbiyya. Kyakkyawar niyyar uba ba ta hana sarƙa cin ƙafar yaro ba.

Kotun Ƙoli ta fayyace iyakar a 2019, a shari'ar Esabunor da Faweya. Jariri ne a Legas yake buƙatar ƙarin jini, mahaifiyarsa mabiyar Shaidun Jehobah ta ƙi saboda aƙidarta, aka samo umarnin kotu aka ƙara masa, ya rayu. Kotun ta ce baligi yana da ikon ƙin magani a kan kansa, amma idan ran yaro ne a kan siraɗi, kotu za ta shiga ta cece shi ko iyaye ba su so. Wannan hukunci bai yi nisa da ƙa'idar malamanmu ta cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma cuta kawar da ita ake yi.

Ƙasashen waje ma ba su gama warware wannan ƙulli ba. A Ingila, wata yarinya 'yar shekara takwas daga Kwaddebuwa, wadda iyayenta suka ba wata 'yar'uwarsu riƙo don ta yi karatu, ta mutu a Landan a 2000 saboda azaba, bayan ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitoci da 'yan sanda sun gan ta ba su cece ta ba. Binciken da ya biyo baya ya haifar da sabuwar dokar yara a 2004. A Norwe kuwa wuce gona da iri aka yi, har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta same ta da laifi a 2019 kan yadda aka raba wata uwa da ɗanta aka ba wasu shi dungurungum. Maƙwabciyarmu Nijar kuma ta yi yunƙurin kafa dokar iyali a shekarun 1990, adawar ƙungiyoyin addini ta hana, har yau al'ada ce ke raba yawancin irin wannan gardama.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar da ta fi damun mata da yara a karkarar Gwandu da Kalgo ita ce raunin hukuma a wurin da kowa ya yarda tana da hurumi. Ga yadda zaman kotu yakan kasance. Mace tana tsaye da goyo, wani yaron yana riƙe da gefen hijabinta. Tsohon mijinta ya ce a ba shi ɗansa. Alƙali ya tambayi shekarun yaro, ya tambaya ko ta yi aure, ko mahaifiyarta tana raye, sannan ya juya ga uban: "Tun da kuka rabu, nawa kake ba su a wata?" A nan murya takan yi ƙasa. A nemi sulhu, in ya ƙi a yanke cewa yara su zauna wurin uwa, uba ya riƙa kawo kuɗin ciyarwa ta hannun kotu. Ya biya wata biyu, lokacin kaka ya wuce, ya tafi cirani Legas ko Ibadan. Kuɗin mashin da za ta kashe daga ƙauye zuwa kotu don bin haƙƙin ya kusa cinye abin da aka yanke. Ƙarshenta ita da kanta za ta kai yaran gidan uban, wurin kishiya, domin ba ta da abin ba su, ga kuma mai neman aurenta ya ce ba ya son agola. Hukunci ya ba ta, talauci ya ƙwace.

Da yawa ma ba sa zuwa kotun. Macen da ta kai uban 'ya'yanta ƙara, cewa ake ta tona asiri, har iyayenta sukan ce ta bar wa Allah. Maƙwabcin da ya ji kukan yaro kullum yakan ce maganar cikin gida ce. Muna yawan cewa ɗa na kowa ne, amma mun fi tuna karin maganar idan za mu aiki yaro ko mu tsawata masa.

Ma'aunin da ya dace

Iko a kan yaro amana ce, kuma gwargwadon nauyin da mutum ya ɗauka, gwargwadon bakin da yake da shi. Wannan ma'auni ya hau kan uba, ya hau kan uwa, ya hau kan gwamnati. Uban da bai ciyar ba, hujjarsa ta "ni na haife shi" ta yi rauni. Gwamnatin da ba ta gina aji ba, barazanarta ta tara ta yi rauni.

Daga nan za a iya ja layi uku. A abin da ya shafi tarbiyya, addini, sana'ar da yaro zai koya da irin karatun da za a fara ba shi, iyaye ne masu magana, aikin hukuma jan hankali da samar da abin da zai sa su yarda. Tarihin shan-inna ya nuna haka: barazanar kamu ba ta yi abin da sarakuna suka yi ba bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, aka riƙa ganin masu sarauta suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020.

A rigimar riƙo tsakanin iyaye ko dangi, a fara da manyan gida da liman da mai unguwa ko arɗo, a je ga hakimi da uban ƙasa, amma masu sulhun su san abin da fiƙihu ya ce, kada sulhu ya zama hanyar lallashin mace ta bar haƙƙin da Shari'a ta ba ta. Idan an je kotu, a ba hukuncin ciyarwa haƙora: a cire daga albashin ma'aikaci, a sa dangin uba su tsaya wa wanda zai tafi cirani, a bar uwa ta karɓi kuɗin ta waya ko ta hannun mai unguwa ba sai ta yi tafiya ba.

A inda ran yaro ko lafiyar jikinsa ke cikin haɗari, kamar ɗauri, yunwa da gangan, fyaɗe, dukan da ya kai ga rauni, ko hana magani, hukuma ta shiga nan take ba tare da neman izinin kowa ba, sannan ta kai maganar gaban alƙali cikin gaggawa. Idan an ɗauke yaro, a fara neman kaka ko inna ko gwaggo mai amana kafin a yi tunanin gidan marayu, kamar yadda layin reno na Malikiyya ya riga ya tsara.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi aiki idan labari bai fita daga cikin gida ba. Ma'aikatar harkokin mata tana Birnin Kebbi, ofishin 'yan sanda yana hedikwatar ƙaramar hukuma, amma mai unguwa da liman da ungozoma da malamin makarantar allo suna cikin gari, sun san gidan da aka yi saki, sun san gidan da uwa ta rasu ta bar ƙanana. Masarautar Gwandu da gwamnatin jiha za su iya ɗora musu aikin leƙa irin waɗannan gidaje a kai a kai, a ba su lambar da za su kira, a kuma kare wanda ya kawo rahoto daga zargin gulma. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka ko kuɗi mai yawa, kuma zai rage yawan ranakun da sai an kira ɗan sanda.